Fashin baƙi kan lofen Ingila: abin da masu tara shi suke biya

A kasuwar masu tara lofen taba na Ingila, ana iya ajiye lofe biyu gefe da gefe, siffarsu ɗaya, girmansu ɗaya, sunan kamfani ɗaya a jikinsu, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan sau da yawa. Baƙo zai ɗauka cuta ce, ko kuwa irin rigimar masu kuɗi. Wanda ya daɗe a harkar kuwa ba kyan itacen yake fara kallo ba. Juya lofen yake yi, ya ɗauko gilashin ƙara girman rubutu, ya karanta 'yan ƙananan haruffan da aka buga a wuyansa, kamar yadda mai sayen doki yake buɗe bakinsa ya duba haƙora kafin ya yi maganar kuɗi. Shekarar da aka yi lofen yake nema, domin ita ce za ta gaya masa a hannun wa masana'antar take a lokacin, daga ina aka kawo itacen, kuma su wane ne ke zaune a bakin aikin.

Sai an fara daga itacen kansa kafin a gane sauran. Biraya ake kiransa, kuma ba a Ingila ake haƙo shi ba. Wani ɗan gajeren itace ne da masana tsirrai ke kira Erica arborea, yana fitowa a busassun tsaunukan da ke kewaye da tekun Bahar Rum: Kosika, Sardiniya, Kalabiriya a kudancin Italiya, Girka, Sifen da Aljeriya. Akwai shi ma a tsaunukan Habasha da na Tibesti a Chadi, sai dai ba daga can ake kawo na lofe ba. Masu sana'ar ba ruwansu da rassa ko gangar jikin itacen. Abin da suke so wani dunƙule ne da ke tsakanin saiwa da ganga, a ƙarƙashin ƙasa, wanda itacen yake tara ruwa da abinci a cikinsa don ya tsallake rani, ya kuma sake tohowa idan gobarar daji ta cinye samansa. Wannan dunƙule yana ɗaukar gomman shekaru kafin ya kai girman da za a fitar da lofe mai kyau daga cikinsa. Yana da tauri, ba ya saurin kamawa da wuta, ba shi da nauyi sosai, kuma yana shanye danshin hayaƙi. Idan an haƙo shi sai masu zarto su yanka shi gunduwa-gunduwa, a tafasa shi na sa'o'i masu yawa don a fitar da ruwan itacen mai ɗaci, sannan a shanya shi a inuwa na watanni, wani lokaci shekaru. Wanda aka yi gaggawar busar da shi tsagewa yake yi, ko ya ɓata ɗanɗanon taba.

Matsalar biraya ita ce ba a sanin cikinsa sai an sassaƙa. Abu ne da ya girma a cikin ƙasa, don haka yakan haɗiye tsakuwa da yashi, ya bar 'yan ramuka. Ana iya kusan gama lofe, a shafa ta ƙarshe sai rami ya bayyana a gefen tukunyar, wato ɓangaren da ake zuba taba a ciki. Ƙananan masana'antu sukan cike ramin da wani ƙulli, su shafe shi da launi mai duhu, bayan 'yan shekaru ƙullin ya fito fili da kalarsa daban. Manyan gidajen Landan kuwa sun gina sunansu a kan cewa ba sa buga babban tambarinsu a kan lofen da aka yi wa ciko. Wanda ya gaza sai a tura shi ƙarƙashin wani suna mai araha, kamar yadda Dunhill ya kafa Parker a farkon shekarun 1920 don irin wannan. Sai kuma zanen itacen. Idan jijiyoyinsa suka miƙe tsaye kewaye da tukunyar, sirara kuma a jere, ga ɗigo-ɗigo kamar idon tsuntsu a sama da ƙasa, to an samu abin da ake nema, kuma ƙalilan ne daga cikin gunduwoyin ke bayar da haka. Babban ɓangaren tsadar lofe mai daraja kuɗin waɗanda aka zubar ne kafin a same shi.

Tarihin sana'ar ma ba a Ingila ya faro ba. Garin Saint-Claude da ke tsaunukan Jura a Faransa shi ne ya zama cibiyar sassaƙa biraya tun daga shekarun 1850, kuma da yawa daga cikin sunayen da ake alfahari da su a Landan 'yan ci-rani ne suka kawo su. Iyalan Comoy mutanen Saint-Claude ne, Henri Comoy ya ƙaura Landan a 1879. GBD a Paris aka kafa shi a 1850, haruffan na sunayen mutum uku ne, Ganneval da Bondier da Donninger, sai a 1902 kamfanin Oppenheimer na Landan ya saye shi. Emil Loewe Bafaranshe ne da ya buɗe shago a Haymarket a 1856. Frederick Charatan daga Rasha ya zo, ya buɗe nasa a 1863. Har zuwa farkon ƙarni na 20, gidaje da dama a Landan suna sayo tukunyar da aka riga aka fere daga Faransa, su gyara ta, su sa mata baki da zoben azurfa, su buga sunansu.

Batun aikin hannu shi ma yana buƙatar a yi masa adalci. Yawancin tsofaffin lofen Ingila da ake rububinsu ba wani mutum ɗaya ba ne ya zauna da wuƙa ya sassaƙa su daga farko zuwa ƙarshe. Inji ne ke fere tukunyar bisa samfurin da aka tsayar, sannan lofen ya bi ta hannun ma'aikata da yawa, wannan ya huda, wannan ya goge, wannan ya sa launi. Inda hannu ya fi shiga shi ne bakin lofen, wato baƙin ɓangaren da ake cizawa. Lofe mai araha ana zuba bakinsa ne a mazubi. Na manyan gidaje kuwa ana yanko shi daga sandar taurarriyar roba, a huda, a goge da magagari har ya yi siriri a tsakanin haƙora ba tare da hanyar iska ta ƙuntata ba. A ganina nan ne ainihin gwanintar Landan take, da kuma zaɓen itace da tsare siffa. Biliyad, buldog, Dublin, lobat, firins, siffofi ne da aka tsayar da ma'auninsu, kuma ido mai horo yana bambanta biliyad ɗin Dunhill da na Comoy daga nesa.

Dunhill ne ya fi cancanta a tsaya a kansa, ba don kowa ya yarda shi ne mafi daɗin sha ba (magoya bayan Barling da Charatan za su yi musu har gobe), sai don shi ne ya sauƙaƙa wa mai tarawa aiki fiye da kowa. Alfred Dunhill, wanda aka haifa a 1872, ya gaji sana'ar kayan doki daga mahaifinsa, ya juya ta zuwa sayar da kayan masu mota lokacin da mota ta fara yaɗuwa. Ta wannan ƙofar ya shigo harkar lofe, da wani lofe mai doguwar gaba da ya ƙirƙira a 1904 don iska kada ta dami direba a buɗaɗɗiyar mota. Ya buɗe shagon taba a titin Duke da ke unguwar St James's a 1907, ya fara yin lofensa na kansa a 1910. Ba da daɗewa ba aka fara sa ɗan farin ɗigon nan a saman bakin lofen, kuma dalilinsa mai sauƙi ne: don mai shi ya san ta wane gefe zai mayar da bakin idan ya cire. Ɗigon ya zama alamar da ake gane Dunhill da ita a duk duniya, har ta kai ga shari'a da kamfanin Vauen na Nuremberg da shi ma yake amfani da farin ɗigo. Vauen ya ci gaba da sa nasa fari a Jamus da Ostiriya, wanda zai fita waje kuma ya sa masa ruwan toka.

A 1917 Dunhill ya nemi rajistar wata dabara da ta sauya kasuwar: a jiƙa tukunyar da mai, a gasa ta da zafi, sannan a fesa mata yashi da ƙarfin iska. Yashin yana cinye sassan itacen masu laushi ya bar jijiyoyin masu tauri a tsaye, sai lofen ya fito da kaushi da kwaruruka, ga rashin nauyi, ga sanyin riƙo. Shi ne aka sa wa suna Shell. Na farko-farkon da birayar Aljeriya aka yi su, wadda take da laushi, don haka yashin yakan ci ta da zurfi har siffar ta ɗan karkace. Masu tarawa suna mutuwar son wannan karkacewar. Daga shekarun 1960, bayan yaƙin neman 'yancin Aljeriya da aka yi daga 1954 zuwa 1962, samun wannan itace ya yi wuya, aka koma wa mai tauri, kwarurukan suka zama marasa zurfi. Ga misali ƙarara na yadda siyasar wata ƙasa a Afirka ta bar alama a jikin kayan ƙawa na Landan, kuma dalili ke nan da Shell na shekarun 1920 da 1930 yake da nasa farashi daban. Bayan shi an fito da wasu nau'o'in gamawa, Root mai ruwan ƙasa-ƙasa a 1931, Tanshell a farkon shekarun 1950, Cumberland mai baki ja da baƙi a 1979, kowanne da mabiyansa.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci ga mai tarawa wata 'yar lamba ce. Dunhill yana bayar da garantin shekara ɗaya a kan tukunya, don haka daga farkon shekarun 1920 ya fara buga lamba a ƙarshen rubutun da ke wuyan lofe don ya san yaushe aka yi shi. Don kare kansa daga masu dawo da tsohon kaya ya yi hakan, amma sai ya bar wa na baya hanyar sanin shekarar kusan kowane lofe. Karanta ta na buƙatar koyo. Idan akwai lambar rajistar ƙirƙira a jikin lofen, to bai wuce 1954 ba, domin daga 1955 aka daina buga ta. A lofen da ba shi da ita, wanda kuma aka yi kafin 2000, idan lambobi biyu ne suka biyo bayan rubutun da ke cewa a Ingila aka yi, kamar 18 ko 25, sai a tara da 1960, a samu 1978 ko 1985. A tsakanin waɗannan akwai shekarun da sai an duba girman lambar, ko an ja mata layi a ƙasa, ko tana ɗan sama da sauran rubutun. Daga ƙarshen shekarun 1970 kuma aka koma lambar siffa mai gida huɗu: 4103 na nufin girma na 4, baki mai zurarewa, siffar biliyad. Da wannan tsari ne aka samu masu neman lofen da aka yi a shekarar haihuwarsu, da masu tara siffa ɗaya tak daga shekaru daban-daban. Na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sun fi wuyar samu, saboda hanyar kawo itace daga Bahar Rum ta toshe, roba ta yi ƙaranci, kuma a 1941 bam ya faɗa wa shagon titin Duke.

Labarin Barling shi ne ya fi nuna yadda suna ke tsayawa alhali abin da ke bayansa ya tafi. Gidan maƙeran azurfa ne tun asali, Benjamin Barling ya kafa kamfanin a 1812, suka daɗe suna sa wa lofen wasu azurfa kafin su fara fere nasu a farkon ƙarni na 20. Sun yi suna wajen daɗe da ajiye itace yana bushewa da iska kafin a taɓa shi. A 1960 iyalin suka sayar wa kamfanin Finlay, wanda ke da alaƙa da Imperial Tobacco, amma suka ci gaba da tafiyar da masana'antar har 1962. Daga nan tambarin ya sauya, daga manyan haruffa masu lanƙwasa na BARLING'S a kan MAKE zuwa rubutun haɗe, aka sauya tsarin lambobi, daga baya ma har a Denmark aka riƙa yin lofe mai sunan Barling. Shi ya sa masu tarawa suke raba Barling gida uku, na zamanin iyali, na tsaka-tsaki, da na bayan nan, kuma na tsaka-tsakin ne ake ta jayayya a kansa, domin itacen da ma'aikatan duk na dā ne, mai kamfanin ne kawai ya canza. Mai wayo yakan samu lofe mai kyau da rahusa a wannan ɗan tsakanin.

Sauran gidajen kusan hanya ɗaya suka bi. Charatan, wanda ya fi kowa sakin hannu wajen manyan siffofi da bin zanen itace, ya koma hannun Ba'amurke Herman Lane wajen 1960, sannan Dunhill ya saye shi a ƙarshen shekarun 1970, har aka yi wani lokaci ana yin sa a Faransa. Comoy da GBD da BBB da Loewe duk sun taru a ƙarƙashin rukunin Cadogan, kuma a wajen Comoy alamar da ake dubawa ita ce harafin C da ke bakin lofen: na dā da gutsure uku aka dasa shi, na bayan haɗewar wajen 1980 kuwa ba haka yake ba. Joel Sasieni tsohon ma'aikacin Dunhill ne da ya buɗe nasa a 1919, ya fara da shuɗin ɗigo ɗaya, Dunhill ya tayar da ƙura, ya koma ɗigo huɗu. Iyalinsa sun sayar a 1979.

Ba haɗama kaɗai ce ta jawo wannan sayar da gidaje ba. Kasuwar ce ta tsuke. Sigari ya riga ya ƙwace yawancin mashaya, rahoton ƙungiyar likitocin Birtaniya na 1962 da na babban likitan gwamnatin Amurka na 1964 suka tabbatar da illar taba, kuma lofe bai tsira daga wannan ba, domin yana jawo kansar baki da maƙogwaro ko da mutum bai zuƙi hayaƙin zuwa huhu ba. A gefe guda masassaƙan Denmark irin su Sixten Ivarsson sun fito da lofen da mutum ɗaya yake yi daga farko har ƙarshe, yana bin zanen itacen maimakon samfuri, suka ja hankalin masu kuɗin. Harold Wilson ya yi firaministan Birtaniya da lofe a hannu, amma zamanin ya riga ya juya. Zuwa 2007 an hana shan taba a wuraren taruwar jama'a na cikin gini a Ingila. Da yawa daga cikin masu tarawa a yau ba sa ma kunna mafi tsadar abin da suka mallaka.

Abin sha'awa, rushewar manyan gidajen ce ta haifar da lofen Ingila da ya fi cancantar a kira shi aikin hannu. Ma'aikatan da suka koyi sana'a a can suka buɗe ƙananan wurarensu. Ken Barnes da Barry Jones, 'yan gidan Charatan, sun kafa James Upshall a ƙauyen Tilshead a 1978. Bill Ashton-Taylor ya bar Dunhill ya kafa Ashton a 1983, ya dawo da jiƙa itace da mai da feshin yashi mai zurfi irin na dā, bayan rasuwarsa a 2009 Jimmy Craig ya ci gaba. Les Wood, wanda ya yi aikin azurfa a Dunhill, shi da matarsa Dolly suka yi Ferndown. Ian Walker ya yi suna da Northern Briars. Ga wanda yake son lofe don ingancinsa, ni waɗannan zan nuna masa kafin in nuna masa tsohon Dunhill da aka sha shekara saba'in ana ci da wuta. Amma su ma yanzu an fara raba su zamani-zamani, ana tambaya ko Ashton ɗin na lokacin Bill ne.

Yawancin cinikin na kayan hannu ne, a intanet da wuraren gwanjo da taruka irin wanda ake yi duk shekara a yankin Chicago, kuma a nan ake yin asara. Taurarriyar robar baki tana da sinadarin farar wuta a cikinta, idan ta sha haske da yawu sai ta koma kore-kore mai ɗaci. Ana gyara wannan da gogewa. Haɗarin shi ne mai gyara marar sani ya ɗora lofen gaba ɗaya a kan injin gogewa don ya yi ƙyalli, ya shafe rabin rubutun wuyan. Lofen ya fi kyau a ido, amma shaidar shekararsa ta tafi, kuɗinsa ya faɗi. Akwai wanda aka yanke saman tukunyarsa don a ɓoye ƙuna, sai ya gajarce, ma'auninsa ya ɓaci. Akwai wanda aka kankare cikinsa fiye da kima har ramin ya daina zama da'ira, ko bangon ya fara ƙonewa a ƙarƙashin baƙin dasƙarin da taba ke bari. Akwai bakin da ba na asali ba, wanda wani ya huda ya dasa masa farin ɗigo. Zoben ƙarfe a wuya kuma sai a bincika, domin sau da yawa tsaga yake rufewa.

Idan zoben na azurfa ne na asali, to shi ma shaida ne, wani lokaci ya fi rubutun itacen ƙarfi. Dokar Birtaniya ta daɗe tana sa a kai azurfa ofishin gwaji a buga mata hatimi: zaki mai tafiya na nuna azurfa ce mai tsarkin 925 cikin 1000, kan damisa na nuna Landan, anka, wato ƙarfen tsayar da jirgin ruwa, na nuna Birmingham, sai harafi ɗaya da ke nuna shekara. Da wannan ake sanin shekarun tsofaffin Barling da BBB da Loewe da ba su da lamba irin ta Dunhill. Sai dai hatimin shekarar zoben yake faɗa, ba lallai ta lofen ba, kuma zobe yana iya tashi daga wannan wuya ya koma wancan.

Ko tsohon itace ya fi daɗin sha? Masu tarawa za su rantse da haka. Ni dai ina ganin akwai gaskiya a batun zaɓen itace da daɗewar bushewa a wasu gidaje a wasu shekaru, amma huda mai kyau da hanyar iska da ta fito daidai gindin tukunya sun fi shekarar haihuwa tasiri a kan yadda lofe yake sha. Abin da ake biya da tsada shi ne ƙarancin abin da kuma tabbacin asalinsa, shi ya sa wanda ba a taɓa kunnawa ba, yana cikin akwatinsa na fata, ya fi kowanne kuɗi, balle a ce jerin bakwai ne na kwanakin mako da ba a raba su ba. Sabon lofen gidan Dunhill fam ɗaruruwa ne, masu miƙaƙƙen zane da ake buga wa DR kuma suna shiga dubbai. Har yanzu ana yin su a Walthamstow da ke arewa maso gabashin Landan, sai dai tun wajen 2012 babban sunan da ke wuyansu ya koma The White Spot, domin kamfanin kayan ƙawa na Dunhill yana nesanta kansa da taba. Masu tarawa tuni suka ja sabon layi a wannan shekarar, suna tambayar mai sayarwa ko nasa na kafin sauyin suna ne ko na bayansa.